Baba Kallamu da Kwamfutar da Ta Tashi a Kan Faifai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, ina gona ina maimai wayata ta yi ƙara. Bunu ne, babban ɗan Baba Kallamu. Bai ja zance ba, ya ce, "Yaya Sama'ilu, Baba ya cika." Ciwon sukarin da ya daɗe yana fama da shi ne ya zama ajali. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Ƙasa da danshi saboda ruwan da aka kwana biyu ana yi, masu haƙa ba su sha wahala ba, har wani dattijo ya ce haka mutumin yake, ko a nan bai wahalar da kowa ba.

Tun ina sakandare na saba rubuta abin da ya faru a yini, amma a ranar kwanan wata kawai na iya rubutawa. Wannan ma na fara na soke ba sau ɗaya ba, domin ban tabbata ni ya kamata in yi ba. Akwai waɗanda suka fi ni saninka, Baba. Sai dai abin da na gani da idona ba na so ya tafi tare da ni.

Iyayenka daga Borno suka zo fatauci, aka haife ka a Kano. Ka yi shekaru da shago a Bacirawa kana gyaran rediyo, daga baya talabijin, daga baya kwamfuta. Da idonka ya fara rauni ka rufe shagon, ka dawo nan kusa da madatsar ruwan Watari kana noman albasa da tumatir. Mahaifiyata Bafulatana ce, don haka tun ranar da ka sani ban sake jin sunana a bakinka ba. "Fillo, ina shanun?" Ni kuma in ce, "Suna gaida bawansu." A gaban kowa muke yi, har a ƙofar masallaci.

Babu gidan da ke ƙauyen nan da hannunka bai shiga ba. Rediyon tsofaffi, fitilar caji, injin ban-ruwa idan ya ƙi tashi ana tsakiyar rani. Na taɓa ganin ka bar naka fangalin yana jiran ruwa ka tafi gonar Inna Fadima, wadda mijinta ya rasu, ka wuni a kan injinta. Da ta aiko maka da kwandon tumatir ka ce a gaya mata kai ma shi kake nomawa, ta bari sai ta fara noman kaji.

Amma maganar kwamfutar nan nake so in rubuta.

'Yata Aina'u ta zauna jarrabawar shiga jami'a bara, wadda yanzu da kwamfuta ake yin ta, ba ta ci ba. Ba rashin karatu ba ne. Ta gaya wa uwarta cewa da aka zaunar da ita gaban na'urar hannunta rawa ya kama yi. Ba ta taɓa riƙe maus ba, ɗan abin nan da ake jan kibiya da shi, tana tsoron kada ta danna wani wuri ta lalata kayan mutane. Kafin ta natsu lokaci ya tafi. Ta ce za ta sake gwadawa bana, in ba ta ci ba ta haƙura da boko. Na san halin 'yata, ba ta maimaita magana.

Ba ni da ƙarfin sayen kwamfuta sukutum. Sai na bi shawarar wani abokina na tattaro ta gunduwa-gunduwa. Bayan na kai albasa kasuwa na shiga birni, na sayi mazabod na gwanjo, wato babban allon nan da kowane sashe na kwamfuta yake dafe a jikinsa. Arahar ta yi yawa har na tsargu, amma na saya. Na samo tsohon sikirin da sauran tarkace a wurin wanda ya sayar mini da shi. Akwatin da ake saka su a ciki ne kawai babu. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na kai wa Kamaruddeen mai walda. Ya yanko ragowar ƙarfen da yake yin ƙofofi da shi, ya ƙera akwati mai kyau har da fentin kore. Muka kwantar da allon a jikin ƙarfen muka ɗaure shi tamau da noti, kamar yadda ake ɗaure kwano a rufi, don kada ya motsa. Mu biyun muna ta yabon aikinmu.

Na jona a wutar sola, na danna. Fanka ta juya kaɗan ta tsaya. Na sake dannawa, haka. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na cire na mayar, na sake bi daga farko saboda ban yarda da bin farkon ba. Na kai ta shagon caji ko wutarmu ce ba ta isa ba, nan ma haka. Aina'u takan leƙo ɗakin ta ga sikirin baƙi ƙirin, ta koma. Leƙen nan nata ya fi damuna. Na yanke a raina cewa mataccen allo aka sayar mini.

Ranar Juma'a bayan an sauko ka tare ni. "Fillo, na ji ka sayo saniyar da ba ta tashi."

Da la'asar sai ga ka a zaurena da sukundireba a aljihu. Na miƙa hannu zan karɓa, ka hana. Ka ce idonka ba ya ganin ƙananan noti, ni kuma hannun garma gare ni, a kira mai kwamfutar. Aina'u ta fito ta durƙusa ta gaishe ka. Ka miƙa mata sukundireban.

Ta ce, "Baba, kada in ɓata."

Ka ce, "Abin da ubanki da mai walda suka riga suka taɓa, me ya rage da za ki ɓata? Kwance."

Ta kwance. Ka shafa ƙarƙashin allon da yatsa, ka shafa ƙarfen akwatin, ka yi dariya har da tari. Ka nuna mana ɗigon dalmar da ke bayan allon, ka ce kowanne hanyar wuta ce. Da muka manna su a jikin ƙarfe sai muka haɗe hanyoyin gaba ɗaya, kamar a fasa kunyar da ke tsakanin fangali da fangali, ruwa ya bi inda ya ga dama. Ka ce Allah Ya taimake mu na'urar tana kashe kanta da ta ji haka, da tuni ta ƙone. Ka ɗaga murya ka ce Kulu, matata, ta ba mu aron faifai busasshe. Daga cikin gida ta ce, "Baba, tankaɗe za ku yi?" Ka ce, "Tankaɗen boko, Kuluwa."

A kan faifan nan Aina'u ta ɗora allon. Ka sa ta cire komai, ta bar wuta da fanka kawai. Ka ce haka ake neman inda ruwa yake zurarewa a gona: a toshe ko'ina, a riƙa buɗewa ɗaya-ɗaya. Ta kunna. Fanka ta juya, ba ta tsaya ba. Sai wata doguwar ƙara ta fito, tana yi tana maimaitawa. Aina'u ta janye hannu da sauri. Ka ce, "Madalla! Jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba shi ake tsoro. Wannan ram take nema." Ram ɗin wani siririn falle ne da ake soka shi a jikin allon. Ta soka, kukan bai daina ba. Kai kuwa ka ce ta zaro shi, ta ɗauko kilinar goge fensir a jakarta ta goge haƙoransa masu ruwan zinare, ta hure, ta mayar har sai ta ji ya ce ƙas. Da ta kunna, ƙara ɗaya gajeriya aka ji. Aka jona sikirin, sai ga rubutu fari ya bayyana.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da ka ce in zauna, ba a gama ba. Ka sa ta karanta maka Turancin da ya fito. Ta karanta: na'urar tana cewa ba ta san kwanan wata ba. Ka ce ɗan batirin nan mai kama da kwabo ne ya mutu, da wuya allon gwanjo ya zo da mai rai. A ƙauyenmu ba mai sayar da irinsa. Ka laluba aljihu ka fito da na'urar da kake gwada sukarinka da ita, ka buɗe bayanta ka zaro nata. Na ce a'a, Baba, mu jira. Ka ce ƙarfen da aka sa a wuta ba a cewa ya jira. Washegari na hau babur zuwa Dawakin Tofa na sayo sabo na kai maka, na tarar Inna Falta, uwargidanka, ta riga ta yi maka faɗan da ya ishe mu mu biyu.

Akwatin Kamaruddeen ma ba ka bari an yar ba. Ka ce mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya, kada a kunyata shi. Ka sa aka yayyanka tsohon silifa ƙanana-ƙanana, Aina'u ta jera su a ƙarƙashin allon suka ɗaga shi daga jikin ƙarfen, ta ɗaure da hannunta. Sai daga baya na yi tunanin cewa tun da ka shigo zauren ba ka jona ko waya ɗaya da kanka ba. Ko idon ne da gaske, ko dabara ce, ban sani ba, ban kuma tambaye ka ba.

Duk ranin nan zaurena ya zama aji. Aina'u tana gwajin tambayoyi, ƙawayenta Ikhlas da Zulaihatu suna jiran layi. Wani lokaci na'urar takan yi gardama, musamman in an ɗauke ta an canza mata wuri. Ba ta ƙara kirana ba. Sai in ji ta tana cewa da su, "Ram ne ya motsa, ku ba ni wuri."

Lokacin da sakamako ya fito ka riga ka kwanta, ƙafa ta kumbura. Muka je tare da ita. Ta durƙusa a bakin gadonka ta ce, "Baba, na ci." Ba ka tambayi maki ba. Ka ce, "Hannun ya yi rawa?"

Ta ce, "Bai yi ba, Baba. Wadda ke kusa da ni ce ma ta fara kuka, na ce mata maus ɗin ba ya cizo."

Ka juyo da kai wajena a hankali. "Fillo, ka ji. Shanunku sun yi asarar makiyayiya."

Wannan ce dariyar ƙarshe da muka yi tare. Yanzu Aina'u tana jiran kiran makaranta, aikin jinya take so. Ranar sadakar uku ita ta wuni a gindin murhu tare da 'ya'yanka mata, ba wanda ya aike ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Falta, da Bunu, da Ridwan, da Sadiƙa, da jikoki, da dangi na nan da na Borno, da duk wanda injinsa zai ƙi tashi a ranin da ke tafe ya ɗaga waya kafin ya tuna. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku a bayansa.

Ya Allah, bawanKa Kallamu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Duk alherin da yarinyar nan za ta yi wa marar lafiya da hannunta, Ka rubuta masa rabonsa a ciki. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.