Yatsuna Biyu Na Bari a Dutsen Ƙanƙara

A lokacin ni 'yar aiki ce a gidan wasu Larabawa a nan Jidda, 'yar Damagaram, mai rawar kai da son a san da ni. Da uwar ɗakina ta ce zan bi su hutun sanyi zuwa ƙauyukan kan duwatsu na iyakar Faransa da Italiya, tunda ina jin Faransanci, sai da duk unguwarmu ta Sharafiyya ta ji labari. To wace mace ce za ta yi tafiya da ƙafa fara fat? Na sa aka zuba mini baƙin lalle har kan yatsu.

Wurin dai ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Gidajen katako hayaƙi na tashi, dutse fari sol, ga akwatin ƙarfe rataye a igiya yana hawa da mutane sama, suna sulalowa kan ƙanƙara kamar ba su san da mutuwa ba. Kowa a gidan an saya masa takalmin sanyi, ni kuwa aka ce na roba da safa biyu sun ishe ni, ai ba wasa zan yi ba. Aikina tsayuwa a gindin dutse ina gadin jakunkuna da filas ɗin shayi. Da na ce ƙafata na zogi, uwar ɗakina ta ce yalla, in yi haƙuri, su ma sanyin suke sha. Can sai zogin ya ɗauke ɗif, ni baƙauya har da hamdala, na zaci na saba. Ko da na ga yatsun sun ƙara baƙi, cewa na yi kai, lallen nan ya kama! Ashe nama ne ke mutuwa a ƙarƙashinsa.

Sai da ƙafar ta kumbura ta yi bororo, tsohuwar da ke share mana masauki ta gani, ta ɗora hannu a ka, ta ce asibiti yanzu-yanzu. A mota uwar ɗakina ta ja mini kunne in ce wa likita tsohon ciwo ne da na zo da shi daga gida, in ba haka ba in manta da iƙamata, takardar izinin zamana a Jidda. Wallahi na ji tsoro, amma haushi ya fi tsoron yawa. Da likita ya tambaye ni, na zayyana masa komai, har na nuna masa takalmin robar, tana tsaye tana ji. An yi ta fama, amma yatsu biyu ba su tsira ba. Muna dawowa Jidda suka ce halas, wato aiki ya ƙare, in nemi wani kafili, uban gidan da zai tsaya mini. Na nema, kuma Allah bai hana ni ba.

Har yau wasu a unguwa na ce mini Hajiyar Faransa in na wuce ina ɗingishi, wai da na yi shiru da ina gidan daula. Su je su yi shirun. Yatsu aka yanke mini, ba harshe ba.

'Yar'uwa, in an ce ki bi su ƙasar ƙanƙara, je ki, abin kallo ne. Amma kar ki taka waje sai da irin takalmin da ke ƙafarsu, kar ki sa baƙin lalle, kuma in zogi ya ɗauke, ba sauƙi ba ne, ki yi ihu. Ni dai duk Sallah ina sa wa takwas ɗin da suka rage lalle, in zura silifa in fita, mai son ƙirgawa ya ƙirga.