Ƙwan Ista a Ƙofar Maman Sagir

Wata rana, ana gobe Ista, na kasa zaune na kasa tsaye.

Maƙwabciyata Maman Sagir duk Sallah sai ta aiko mini da nama. Ni kuwa bana ko kaza ban samu ba. Da wane ido zan kalle ta?

Sai 'yata Rahila ta nuna mini wani abu a waya: a naɗe ƙwai da ɓawon albasa, a ɗaure da zare, a dafa a ruwan zoɓo.

Na gwada. Ina kwancewa sai ga zane ja-ja, jirwaye-jirwaye, kamar tayil ɗin gidan masu kuɗi. Na ce to, Allah Ya rufa asiri.

Da safe na jera su a faranti. Na yi sallama a gidan Maman Sagir, shiru. Na ajiye a bakin ƙofarta na wuce coci. Wasu ma zaren na jikinsu, sauri bai bar ni na cire ba.

Ina dawowa na tarar da layinmu a cike.

Mutane sun kewaye farantina, amma kowa daga nesa. Baban Sagir na zungurar sa da doguwar gora, bakinsa na motsi. Maman Sagir ta rafka tagumi tana cewa ita dai ba ta ci wa kowa komai ba.

Jan ƙwai, ɗaure da baƙin zare, a ƙofar gida. Sai a lokacin na gan shi da idonsu.

Ni da na roƙi rufin asiri, ga shi za a ce na yi asiri.

Goggo Tabawa, surukar Maman Sagir, ta ba da umarni a yi masa fitsari, wai shi ke karya sammu.

Ban san lokacin da na kutsa ba.

"Goggo, don Allah kar a yi. Barka da Ista ce na kawo."

"Barka da zare, 'yar nan?"

Sai na ɗauki ƙwai guda, na fasa a goshina, na ɓare, na cusa a baki. Ba ruwa, ba gishiri. Ya tsaya mini a wuya, idona ya yi ja. Aka ja da baya, ana jiran in faɗi.

Maman Sagir ce ta rugo da moɗa, tana dukan bayana, dariya har da hawaye.

Goggo ta jira ta ga ina numfashi. Sannan ta jawo farantin gabanta.

"A miƙo mini yaji. In sammu ne, ya fara da tsofaffi."

Darasi: Alheri ma yana son baki. In ka kai, tsaya a amsa sallamarka, ka ce ga abin da na kawo. Kuma ka cire zaren.

Ku tura wa maƙwabtanku, tun kafin a yi wa kyautar wani fitsari.