Jan Biron Malam Badaru

Shekara talatin da ɗaya Malam Badaru ya yi yana koyar da adabin Hausa a wata sakandare a Gaya. Kullum daga Kademi yake tahowa a kan tsohon babur ɗinsa, da jan biro a aljihun gaba. Da ya yi ritaya ya ajiye alli, amma biron ya ƙi ajiyuwa. Ko katin ɗaurin aure ka miƙa masa, sai ya tono maka kuskure kafin ya ce Allah ya sanya alheri. Matarsa Hansai ta sha gaya masa cewa wannan halin ne zai kashe shi. Bai kashe shi ba, amma abin da ya yi masa ya fi haka ciwo.

A ofishin malamai teburinsu ɗaya da Malam Bitrus, wani Kirista daga kudancin Kaduna mai koyar da Turanci. Wata rana Badaru ya so ya tsokane shi.

"Malam Bitrus, wai da gaske a littafinku koguna suna tafi, duwatsu suna tsalle? Ina kogi ya samo hannu?"

Bitrus ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Malam, kai fa kake koyar da waƙa! Wurin nan waƙa ce. Littafin namu ba zubi ɗaya ba ne, akwai tarihi, akwai waƙoƙi, akwai wasiƙu, akwai labaran misali. Ranar gayya idan makaɗi ya kira manomi giwa, zuwa kake ka duba haurensa?"

Kunya ta rufe Badaru, don a fagensa aka kayar da shi. Bai rage komai daga addininsa ba, sahun gaba bai taɓa wuce shi ba, har shi ke jan salla idan liman ya yi tafiya. Amma daga ranar yake gaya wa ɗalibansa cewa kafin ka tambayi abin da magana take nufi, ka fara sanin wace iri ce.

Ɗansa na fari shi ne Mudassir. Saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kama sunansa ba, Malam Ƙarami yake ce masa. A duniya babu abin da Badaru yake ji da shi kamar wannan ɗan, ko da yake sai dai ka gani a idonsa. Mudassir ya yi karatu a Kano, ya dawo da baki mai daɗi, yana wa'azin kwatanta addinai ana ɗauka a waya.

Ranar da abin ya lalace, a Toranke ne, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. Mudassir ya buɗe littafin Kiristoci, ya karanto wurin kogunan nan, ya tambayi jama'a wa ya taɓa ganin kogi da tafin hannu. Aka kwashe da dariya. Sai Badaru ya miƙe daga kan tabarma.

"Mudassir!"

Karo na farko kenan a rayuwarsa da sunan ya fito daga bakinsa, kuma a gaban jama'a, don ya gyara masa kuskure.

"Wurin nan waƙa ce. In za ka musanta wa mutane littafinsu, ka musanta abin da suke nufi. Kada ka ɗora musu abin da ba su ce ba."

Gaskiya ya faɗa, amma wa ya tambaye shi? Aka yanko wannan ɗan guntun, ya zaga wayoyin Gaya da Ajingi kafin mako ya zagayo. Matasa suka sa masa suna lauyan coci. Liman ya yi tafiya, aka tura wani gaba. Duk wannan bai dame shi ba kamar yadda Mudassir ya daina shigowa zaure cin tuwo tare da shi. Shekara biyu Hansai tana kai gwauro tana kai mari tsakanin miji da ɗa, har ciwo ya kwantar da ita. Ta rasu da damina, gero yana fitar da kai.

Ranar uku, ana zaman makoki a ƙofar gida, Mudassir ya karanta daga wayarsa wasu baitoci da ya rubuta wa mahaifiyarsa. Ya ce ƙasar Kademi ta zubar da hawaye, tsamiyar ƙofar gida ta sunkuyar da kai. Dattawa suna share ido da bakin rawani. Da ya gama, ya taho ya durƙusa a gaban uban, ya miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Baba, ka duba mini."

Duk mai hankali ya san ba gyara ya zo nema ba, hanyar dawowa gida yake nema. Abin da ya rage wa Badaru kawai ya dafa kansa ya yi shiru. Amma ina! Mai jan biro ya ga dama ta samu.

"Ta yi kyau," in ji shi. "Sai dai na duba tsamiyar, tana nan tsaye yadda take. Ko waƙa ce, Malam Ƙarami?"

Mudassir ya tuno ranar Toranke. Ya gane sarai, kuma kowa ya ga ya gane. Ya karɓi wayarsa, ya sa takalmi. Kafin a yi arba'in ya kwashe iyalinsa ya koma Kano, gaisuwa ma sai ta bakin ƙanwarsa Muhsina.

Ita Muhsinar ce ta kai aka buga wa uban baitocin a takarda. Yanzu in ka bi ta ƙofar gidan za ka same shi a gindin tsamiyar, takardar a aljihun gaba tare da biron, ta yi laushi don yawan buɗewa. Ya bi ta layi-layi ya fi sau ɗari, da idon malamin adabi na shekara talatin da ɗaya. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta, kuma wanda yake so ya gaya wa haka ba ya ɗaukar wayarsa.