Baba Sannu Ba Ya Jiran Gado

A asibitin gwamnati da ke bakin babbar hanya, ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Sannu. Aikinsa tura marasa lafiya: daga ƙofa zuwa ɗakin kwanciya, daga can zuwa ɗakin hoto ko na tiyata, wani lokacin kuma zuwa ɗakin nan na baya da ba a son ambata. Bakinsa ne ya ja masa sunan. Ko da mutum a sume yake a kan gadon turawa, in sun zo ɗan tudun da ke gaban ɗakin magani sai ya sunkuya ya ce, "Sannu, za mu ɗan girgiza."

Ya kama aikin yana saurayi, lokacin da baranda take hanyar wucewa kawai. Yana nan gari ya cika ya batse, asibiti kuwa bai ƙaru ko da taku ɗaya ba. Aka soma shimfiɗa tabarmi tsakanin gadaje, daga nan aka fito baranda, har ta kai ana rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar taga. Haka yake ratsawa tsakanin ƙafafun mutane yana cewa, "Ku ɗan tanƙwashe, 'yan uwa, motar ba ta da birki." Sai ka ga wanda ke nishi ya murmusa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Duk lokacin da ya shiga ɗaki da farin mayafi a kafaɗa, idanun masu jinya na baranda sai su bi shi. Kafin ya fito da mamacin, an riga an yi layi a teburin Sista, babbar nas ɗin ɗakin maza, ana tambayar wa za a ba gadon. Bai taɓa ganin laifinsu ba. Amma in ya koma gida yakan zauna, abinci na hucewa a gabansa.

"Malam, yau kuma me ya faru?" in ji matarsa.

"Ba komai. Mai jiran gado a can bai san abin da yake roƙo ba, shi ne kawai."

A bayan ɗakin mazan akwai sabon gini. An kafa harsashinsa, aiki ya tsaya har ciyawa ta rufe bulo, aka dawo, aka sake tsayawa. Daga baya dai aka yi rufi, aka shafa fenti, aka kawo gadaje a cikin leda. Da shi aka sauke su daga mota. Ranar ya dawo gida fuska a sake kamar an yi masa haihuwa. Sai dai ƙofar ta ci gaba da zama da kwado. Aka ce ba a ja ruwa ba, aka ce ba a ɗauki ma'aikata ba, aka ce ana jiran kuɗi daga sama.

A cikin wannan jiran ƙafafunsa suka fara kumburi. Tudun da yake haurawa yana raha ya koma sai ya tsaya ya huta. Likita ya sa abin awo a ƙirjinsa, ya daɗe yana saurare, ya ce zuciya ce, kuma kwanciya za a ba shi.

"To, likita. Bari a buɗe sabon gini."

"Baba, zuciyarka ba ta san da wani sabon gini ba."

Ya karɓi ƙwayoyi, ya yi godiya, ya koma bakin aiki.

Sista ta tare shi a baranda, hannu a ƙugu. "Kai tsohon nan, taurin kan naka ya isa. Namu ne kai. Gado na farko da ya fito, naka ne."

"Ya fito ta ina, Sista? Ni fa nake fitar da su."

Ya tura keken marasa lafiya ya wuce.

A gida matarsa ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka. "Kowa fa da ya kwanta a can, gadon wani ya hau, Malam. Kai ne ka fi kowa tsoron Allah?"

"Ba haka ba ne. Su ba su san fuskar wanda ya tashi ba. Ni na sani. In na kwanta a barandar nan ina sauraron ƙarar keken fitar da gawa, zuciyata za ta so abin da ba na so ta so." Ya dafa hannunta. "Kin ga gadajen sabon ginin can kuwa? Ko leda ba a cire musu ba. Ki ƙara haƙuri."

Ta yi haƙurin, don ba ta da yadda za ta yi.

Wata safiya yana tura wani dattijo a keke zuwa ɗakin hoto, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Sai da ya jingina keken da bango don kada ya gangara, sannan ya sulale ƙasa. Abokan aikinsa suka ɗauke shi. Gado ɗaya ne babu kowa a kai, kuma shi da kansa ya fitar da gawar mai shi da asuba. Ya girgiza kai. Dole aka yi masa shimfiɗa a baranda, matarsa na yi masa fifita da kwali.

Da azahar Sista ta zo, ta durƙusa kusa da kunnensa.

"Baba, direban nan na kusa da taga, likita ya sallame shi."

"Sallama ta gaske, ko don ni?"

"Wallahi ta gaske."

"Ina son in gan shi."

Aka kira direban. Ya zo da jakarsa a hannu da ƙullin magani, yana tafe da ƙafarsa, ya tsuguna ya ce, "Baba, kai ka shigo da ni ban san inda kaina yake ba. Ga shi na ɗumama maka wuri." Baba Sannu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya bi bayan mutumin da kallo har ya fice ta babbar ƙofa, sannan ya ce, "To, ku ɗaga ni."

Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma an makara. Kwanakin da ya yi a gadon ba su da yawa. Barci yake yi mai nauyi, irin wanda matarsa ta ce ta daɗe ba ta ga ya yi ba. A cikin barcin ya cika, hannunsa a cikin nata.

Allah ya ji ƙanka, Baba. Allah ya sa ka huta.