Kwalbar da Ba Ta Raguwa

Salamu alaikum jama'a. Kun saba ganina a nan ina sa muku hotunan tsohuwar Jos ina surutu. Yau ba hoto. Akwai maganar da na haɗiye sama da shekara sittin, shekaru kuma sun ja, gara in faɗa da bakina.

A ƙarshen shekarun 1950 ni ne dispensa a ƙaramin asibitin wani kamfanin kuza, can bayan gari. Gidana na Dilimi. Farar riga, sabon keke, makullin kabad ɗin magani a wuyana. Likita Bature sai Laraba yake leƙowa.

Da ciwon haƙori abin ya fara. Wallahi haƙori kawai. Da azaba ta ishe ni sai na ɗebi mofin, allurar da muke ajiye wa waɗanda rami ya rufta musu, na yi wa kaina.

Haƙori ya warke, ni ban daina ba.

Kwalbar mai murfin roba ce, da allura ake zuƙa. Sai na koyi dabara: abin da na zuƙa, in mayar da tafasasshen ruwa daidai shi. Likita ya ɗaga ta ya ga a cike, ya yaba min da tattali. Har na fara tsoronta. Kullum ina ɗiba, kullum tana cike.

Matata Hajara ta ga ina rama, ina gyangyaɗi a kan tuwo. Ta ce, "Malam, anya ba sammu aka yi maka ba?" Na ce gajiya ce.

Wata ranar damina da hantsi aka shigo da wani dattijon lebura, Baba Dung. Ƙasa ta rufta masa, ƙafar dama ta dagargaje. Sai an kai shi babban asibiti a Jos, a bayan motar kuza, hanya duk gargada. Mama Sista, nas ɗinmu Bayarabiya, ta ce, "Oga Dispensa, yi masa mofin, maza!"

Na san abin da ya rage a kwalbar nan. Ruwa ne. Na zuƙa, na yi masa.

Bai yi ihu ba. Ina ma ya yi. Ya zuba min ido, jar ƙasa a girarsa, ya ce, "Sannu Malam. Sannu da jiki."

Shi ne kwance cikin jini, amma ni yake wa sannu da jiki.

Washegari wani lebura ya ce ai Baba Dung ya cika a hanya. Tsoro ya hana ni bincika.

Magani ya ƙare, jikina ya fara nema. Hamma ba iyaka, hawaye, majina, gudawa, tsikar jiki a tashe da rana tsaka.

Sai na fara ganinsa.

A ƙarshen bencin marasa lafiya, bayan mata masu goyo, yana zaune a jiƙe, laka na ɗiga daga wandonsa. In na ce "na gaba", sai shi ma ya matso. Kullum sai na tarar ya fi jiya kusa.

Ranar da layi ya iso kansa na yanke jiki na faɗi.

Na farfaɗo Mama Sista ta naɗe min hannun riga tana kallon tabon allura a jere. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo makulli, ɗana."

A babban asibiti aka kwantar da ni, suka ɗebi jini da fitsari, ba zazzaɓi, ba komai. Likitan ya ce, "Za mu riƙa rage maka kaɗan-kaɗan. Ba za ka mutu ba, amma za ka so mutuwar."

Bai yi ƙarya ba. Ƙafafuna na harbi da kansu, zanin gado na jiƙewa sharkaf da zufa, abin da na ci sai ya dawo. Aiki kuwa tuni ya tafi. Kullum Hajara ta tako daga Dilimi da kunu. Rannan ta ce, "Da sammu ne na san inda zan je. Wannan kai za ka yi da kanka."

A sati na biyu, da safe, na juya na gan shi a ƙofar ɗakinmu na asibiti. Na rufe ido ina salati. Na buɗe, yana nan. Sai na ji mai shara ya ce, "Baba, matsa in wuce."

Ashe mutum ne. Bai mutu ba, ƙafar aka yanke, ga shi da sanduna biyu.

Ina kuka na faɗa masa komai.

Ya ce, "Na sani. Ƙane nawa haka burkutu ya yi masa. Ido naka yana kan kwalba, ba ya kan ƙafa nawa."

Na ce, "Ka yafe min, Baba."

Ya gyara sandunansa. Sannan ya ce, "Ƙafa, rami ne ya ci. Amma hanya daga rami zuwa Jos, kowane gargada, kai ne. Ka warke tukuna. In ka yi shekara ba ka taɓa ba, zo ƙauye namu ka tambaye ni."

Na yi shekarar cif. Na je. Wata biyu ke nan da binne shi, matarsa ta ce bai bar saƙo ba.

Tun daga lokacin ban sake taɓawa ba. Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Hajara, ya saka wa Mama Sista.

Ku masu farar riga da masu ofis, na san akwai irina a cikinku, kuna aiki tsaf ba wanda ya gane. Ku faɗa wa mutum ɗaya. Ku ba wani makullin yau. Kada ku yanke shan abin ku kaɗai a ɗaki, ku je asibiti a rage muku. Kuma kada ku ce kanku kaɗai kuke cuta.

In akwai jikan Baba Dung da ke karanta wannan, har yanzu ina Dilimi. Kakanka ya ce in zo in tambaya. Ga shi ina tambaya.