Muryar Inna a ƙarƙashin tebur

Kwafi ake ce masa a dangi, saboda ko gaisuwa ka aiko masa sai ya tambaye ka ko ka ajiye kwafinta. Mai gyaran waya ne, shagonsa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani, ita ya mayar rumbun dangi: duk abin da ya shiga wayar ɗan'uwa, wayar za ta tura mata. Duk ƙarshen mako kuma sai ya jona wani faifan ajiya na daban, ya sa shi ya zama daidai da kwamfutar, ba ragi ba ƙari. Ko haƙoransa ba su samu kulawar da faifan nan ya samu ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu, yayarsa ta zo masa da waya ta cika maƙil. Saƙonnin muryar Inna ne, yawancinsu faɗa: an bar ƙofa a buɗe, ba a kira ta ba, wa ya ɗauke mata tabarau.

"Auta, in goge? Kullum nake saurare fa."

"Goge abinki, Yaya. Wuri biyu na ajiye su."

Ta goge. Waya ta sanar da kwamfuta, kwamfuta uwar biyayya ta goge nata. Ƙarshen mako Kwafi ya jona faifai yana 'yar waƙarsa, faifai ya bi sahu.

Da kwamfutar ta mutu bayan wasu watanni, har wani daɗi ya ji, yau masu tsokanarsa za su ga aiki. Ya haɗa wata kwamfutar, ya jona mata faifan, ya kira Yaya ta zo ta shaida. Komai ya dawo tas: takalman da matar wansa ke talla, bidiyon kyanwa, hoton babban yatsan wani kawu da bai taɓa iya riƙe waya ba.

"Sannu da ƙoƙari," in ji Yaya. "Sa min Inna."

Ya buɗe wurin da ya ajiye saƙonnin. Wayam. Ya duba faifai, nan ma wayam. Ya cire, ya hura, ya mayar, kamar ƙura ce ta cinye muryar.

Yaya ta saka wayarta a jaka.

"Da na bar ta a cike," ta ce.

Har yau yana jona faifan duk ƙarshen mako. Sai dai ba mai ce masa Kwafi kuma, Yaya ma in za ta aika wurinsa, cewa take a kai wa mai gyara.