Ƙadangaren Jikata

Da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye wadda na faɗa wa jikata a garin Upper Marlboro na Amurka.

Na tashi a gidan da ƙadangaru suka fi mutane yawa. Da rani suna kwance a katangar kakata suna gyaɗa kai, mu kuma muna bin su da danƙo. Kakata ba ta karɓar labarin yaro sai ta juya shi kamar waina a tanda. Takan ce wanda ya yi wa dabba ƙarya yau, gobe mutum zai yi wa. Da wannan kunnen na girma, da shi kuma na zo Amurka wurin ɗana, ina zargin komai: naman kanti, murmushin maƙwabta, har abin da ake koya wa yara a makaranta.

Jikata tana jin Hausa, amma da Turanci take amsa wa kowa. Ni kaɗai take daurewa ta yi wa Hausa, saboda wasan da ke tsakaninmu. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsohon miji. Wata Lahadi, lokacin da ganye ke yin ja yana zuba, muna da baƙi daga garin Manassas, ta shigo da gudu.

"Tsohon miji, akwai ƙadangare mai tashi! Yana buɗe haƙarƙarinsa, ya bar wannan bishiya ya sauka a waccan."

"Wa ya faɗa miki?"

"Malamarmu ta nuna mana."

"To, ke da malamar, wa ya koya wa wani ƙarya? Amarya, na harbi ƙadangarun da suka fi gashin kanki yawa, ban ga mai fiffike ba."

Baƙi suka tuntsire da dariya. Na sa ta maimaita, ina jiran inda za ta yi tuntuɓe. Hausar ta ƙare mata a tsakiya, ta tsaya tana lalube. Na ce ai ga shi nan, maƙaryaci ba ya iya maimaitawa.

Bayan shekaru na ga ƙadangaren a talabijin, a wani daji na Asiya. Ya baza fatar gefensa kamar laima, ya sulale ta iska, ya dafe wata bishiya. Na kira jikata a waya, lokacin tana jami'a. Na ce, "Amarya, ashe ƙadangarenki gaskiya ne." Ta yi dariya, ta ce ba komai, ta ma manta. Da Turanci ta faɗa. Tun waccan Lahadin ba ta sake yi mini Hausa ba.

Don Allah, idan jikanku ya zo muku da ƙadangare mai tashi, ku tambaye shi launinsa.